Kaka da Mai Gashi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kakata, wadda ta haifi Mama, ta riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, a asibiti a nan Doha, bayan ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda.

A kwanakin zaman makoki aikina shi ne jera takalma. Gidanmu a unguwar Bin Mahmud falo ɗaya ne da ɗakuna biyu, don haka takalman masu gaisuwa suka cika ƙofa, suka bi bango har bakin lifta. Na ji daɗin aikin, domin mai jera takalma ba a tambayarta komai. Kai a ƙasa, kunne a buɗe.

Matan Gana na unguwar Fereej Abdel Aziz ne suka fara zuwa, da koko a manyan fulas da ƙosai a leda. Babbarsu, wadda take kawo wa Kaka goro, ta riƙe hannun Mama ta ce, "Hajiya ya huta, 'yata. Wallahi ya huta. Allura ya ƙare." Haka Hausarsu ta Zango take, kuma Kaka ta sha tsokanarta cewa ta mai da ita namiji da tsufanta. Anti Nas, maƙwabciyarmu 'yar Jos, ta zo daga asibiti da kayan aiki a jikinta, ta zauna a ƙofar kicin, ta fi kowa kuka. Mai baƙala, wato shagon da ke ƙasan gidanmu, mutumin Indiya, ya hawo da katan ɗin ruwa a kafaɗa, ya ajiye, ya dafa ƙirji, ya sauka.

Sai kuma wasu mata biyu daga unguwar Nu'aija, matan abokan Baba. Ina tsugune ina gyara takalmansu na ji ɗaya ta rage murya.

"Ni abin da ya ɗaure mini kai, an ce har ta kwanta fim take kallo. Na Turawa, wai na wani makaɗi da matansa."

"Haba dai! Tsohuwar da ta je Makka ta dawo?"

"Wallahi. Kullum bayan Magariba."

"Allah dai ya sa mu cika da kyau."

Na so in ɗago kai in yi magana. Ban iya ba. Ni ko a aji, in malama ta kira sunana, sai harshena ya yi nauyi. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don a san wace ce Kaka, a kuma san abin da take yi da fim ɗin nan.

A Zariya ba a san Kaka da wata sana'a ba sai gyaran tsakani. In mace ta yi yaji, in wa da ƙani suka daina gaisawa, a ƙarshe ɗakinta ake zuwa. Takan saurara tana ɓare goro, ba ta katse mutum, ba ta gyaɗa kai. In ya gama sai ta ce, "Na ji. Bari mu ji ɗayan." Wannan maganar ba ta rabuwa da bakinta. Na taɓa kawo mata ƙarar wata kyanwa da ta yakushe ni a wajen kwandon shara, ta duba hannuna, ta hura, ta ce, "Na ji. Bari mu ji ɗayar."

Da ciwo ya matsa, Baba ya yi mata takardu aka kawo ta nan don wankin ƙoda. Ɗakina aka sa mata gado. Sunanta na ci, shi ya sa iyayena suke kirana Ummi, ita kuma take kirana Takwara. Ba ta taɓa shiri da na'urar sanyaya ɗaki ba. Iskar inji, in ji ta, ƙashi take nema. Ta ƙwace safar makarantata, farare masu layin shuɗi, ta riƙa yawo da su a ƙarƙashin zane. Goronta yana cikin firij a naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle, kusa da madara, kuma likita ya hana ta amma ta ce likita yaro ne. In za mu fita asibiti sai ta tsaya a baƙala ta gai da mai shago cikakkiyar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya garin, shi kuma yana murmushi yana cewa, "Yalla, mama, yalla." Kalma ɗaya ta koya ta Larabcin nan, khalas, wato ya isa, ita ma ma'aikatan asibiti take gaya wa in allura ta ishe ta.

Anti Nas tana zaune ita kaɗai, 'ya'yanta suna gida wajen mahaifiyarta. Kaka ta lura cewa in ta dawo daga aikin dare ba ta girki. Daga nan kullum sai an rufe mata tuwo a kwano, ni nake kaiwa. Ran Juma'a da safe kuma ta ce in je in buga mata ƙofa. "Ki ce mata yau ranar cocinsu ce a garin nan, kada barci ya ɗauke ta." Anti ta ce ko uwarta ba ta matsa mata haka ba.

Amma gidan da Kaka ta tarar ba lafiyayye ba ne, kuma dole in faɗi dalili, in ba haka ba sauran ba zai fahimtu ba.

Ni kaɗai ce a wajen iyayena. Bayan shekaru Mama ta sami ciki, muka yi ta murna. Ranar haihuwa Baba yana wajen aiki can bayan gari, inda yake gyaran manyan injinan sanyi. Yaron bai zo da rai ba. Baba ya zo asibitin, ya karɓe shi a ƙasa, ya tafi da wasu maza aka binne shi, sannan ya koma wajen aiki. Bai hau sama ya ga Mama ba. Da aka sallame ta ya ce mata sannu, ya ajiye ledar lemo, shi ke nan. Tun daga lokacin ba su ƙara faɗa ba, ba su kuma ƙara hira ba. In akwai magana sai ta biyo ta kaina. "Ummi, ki ce wa babanki gas ya ƙare." "Ummi, ki ce wa mamanki zan yi dare." Ko ƙarar cokali a gidanmu sai ka ji ta yi yawa.

Wata rana da rana, Kaka tana kwance ta rufe fuska da mayafi, ni ina aikin makaranta, muka ji Mama a kicin tana waya da Kawu, ƙaninta. "In an gama maganin tsohuwa ni zan dawo da ita, kuma ba zan komo ba. Ka fara nema wa Ummi makaranta." Alƙalamina ya tsaya. Na ɗauka Kaka barci take yi, sai na ga babban yatsanta yana motsi cikin safa. Haka yake yi in tana tunani.

To ga inda abin ya ɗaure. Matar da ta gyara auren rabin unguwa ba ta da bakin yi wa waɗannan biyun magana. Mama 'yar fari ce, Kaka ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "uwarki" ko "waccan". Baba kuma suruki ne. In ya dawo aiki a bakin ƙofar falo yake tsugunawa ya gai da bango, ita kuma ta ja mayafi ta amsa ta wajena: "A ce masa sannu da aiki." Bai taɓa cin abinci a gabanta ba, a kicin yake ci a tsaye. A Zariya gida yana da faɗi, kowa da sashensa, kunya tana da wurin zama. A nan falo ɗaya ne, sai suka riƙa kewaye juna kamar masu tsoron taka ƙwai.

Ana cikin haka malamar kiɗa ta makarantarmu ta ce mu kalli wani dogon fim a gida mu rubuta abin da muka gani. Labarin wani Bature ne na zamanin da, lokacin keken doki da kyandir, wanda yake tsara kiɗa a takarda, manyan makaɗa su taru su kaɗa. Na kunna a falo da la'asar, na rage murya. Kaka ta fito tana dafa bango, ta zauna.

"Wannan mai gashin fa, ba shi da mataji ne?"

Daga ranar sunansa ya zama Mai Gashi. Na riƙa fassara mata. Ta ga takardar da yake rubutu ta ce tsuntsaye ne a kan wayar lantarki. Ta ga masu goge jere a zaune, ƙanana da manya, har da wani goge da sai an tsayar da shi a ƙasa kamar mutum, shi kuma Mai Gashi a gaba yana jujjuya tsinke a iska.

"Shi me yake kaɗawa?"

"Ba ya kaɗa komai, Kaka. Shi yake nuna musu."

"Su sha wahala, shi a tafa masa. To, akwai irinsu ko'ina."

Matan ma kowacce ta sami suna. Akwai Mai Mafici, wata mai arziki da mijinta ya mutu, wadda take kiransa gidanta ya yi kiɗa tana kallonsa ta bayan mafici. Akwai Zabiya, mai waƙa da ƙarfi, wadda Kaka ta ce kamar an taka mata ƙafa a kasuwa. Akwai 'Yar Makaranta, wadda yake koya wa fiyano, hannunsa yana daɗewa a kan nata fiye da yadda koyarwa take bukata. Sai matarsa ta aure, siririya mai yawan tsayawa a taga. Ita Kaka ta kira Baiwar Allah.

Inda na sha wuya shi ne in Mai Gashi ya keɓe da ɗaya daga cikinsu. Sai in yi sauri in tura fim ɗin gaba.

"Ina kika kai su?"

"Sun... sun tafi kasuwa."

"Kasuwa, da kyandir a hannu, shi ba riga? Takwara, na haifi bakwai. Tura dai, amma kar ki yi mini ƙarya."

Da farko na ɗauka nishaɗi take yi. Sai na lura ba Mai Mafici ko Zabiya take bi da ido ba. Duk inda Baiwar Allah ta fito sai ta daina tauna goro. Ta sa na maimaita mata wani wuri inda matar ta kawo abinci ƙofar ɗakin fiyano, ta tsaya, ta ajiye a ƙasa, ta juya. "Riƙe mini wannan wurin," in ji ta. Ta ci gaba da haka, tana tsince fim ɗin kamar mai tsintar shinkafa, wannan a ajiye, wannan a zubar.

Sannan ta shirya zaman Magariba. Ta ce in gaya wa Baba akwatin talabijin yana zafi a baya, tana tsoron ya kama da wuta, shi da ya san inji ya zauna kusa in an kunna. Baba ya taɓa bayan akwatin, sanyi ƙalau, amma suruka ce ta aiko, ya jawo kujera. Ta ce in gaya wa Mama ƙafafunta sun kumbura, kuma a daidai wannan lokacin ne matsa take yi musu amfani. Mama ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafafun a cinya. Ni a tsakiya da rimot. Kaka ta ba Baba rabin baya, ta fuskance ni.

"Takwara, wannan mutumin yana cin abinci a gidansa kuwa?"

"Ban gani ba, Kaka."

"Ni ma ban gani ba. Ita kuma Baiwar Allah, bakinta ciwo yake yi? Ta kawo abinci har ƙofa, ta kasa cewa ga shi?"

Kwanakin farko ba wanda ya tanka. Baba yana kallon bayan akwati da gaske kamar zai ga hayaƙi. Mama tana matsa ƙafa da ƙarfin da ya wuce na magani. Amma fim yana da ja. Na fara ganin idon Baba yana zamewa zuwa gaban akwatin, musamman in goge ya yi ƙasa-ƙasa. Ranar da aka nuna wani basarake yana yi wa Mai Gashi tsawa don bai gama kiɗan biki ba, Kaka ta ce ai ga shi nan, ya fi tsoron wannan mai hular a kan ya ɓata wa matarsa rai. Sai muka ji Baba ya yi gyaran murya.

"Ummi, ki ce wa kakarki, in bai gama ba korarsa za a yi daga garin, shi da matar duka. Kafil ɗinsa ke nan, ubangidan da zamansa a garin yake hannunsa."

Ban maimaita ba, tunda kowa ya ji. Kaka ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ke aka aika." Na maimaita.

"Af, ashe su ma suna da kafil. Na ji. Bari mu ji ɗayar."

Mama ba ta ɗago ba. "Ummi, ki ce wa babanki ba wanda ya hana shi aiki. Amma ɗakin matar ba a wani gari yake ba, a saman bene yake."

Haka muka yi ta yi. Mutum uku manya suna muhawara a kan Baturen da ya mutu tun kafin a haifi kakan Kaka, kowace kalma sai ta bi ta bakina. Ki ce masa Zabiya ba ta san wankin rigarsa ba. Ki ce mata mutum yana iya yin shiru ba don ba ya so ba. Ki ce masa in shiru so ne, to bango ya fi kowa so. Wani lokaci Kaka ta goyi bayan Mai Gashi, wani lokaci Baiwar Allah, ba ta bari ɗayansu ya ji ya ci.

Ni kuwa wannan aiken na kullum ya ishe ni. A nan ne muka yi faɗanmu, ni da ita, wanda ba mu taɓa yin irinsa ba. Muna ɗaki na ce, "Kaka, don Allah ki faɗa musu kawai mana. Ki kira su ki ce su shirya. Na gaji."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Ni? In dubi idon mijin 'yar fari in koya masa zama da iyali? Da bakin nan? A jirgi aka haife ki da ba ki san komai ba?"

"To ai saura kaɗan ta tafi da mu!"

"Na fi ki sani. Fita mini."

Ba ta ƙara yi mini magana ba ranar. Da na dawo makaranta washegari na tarar da safata a ninke a kan matashina, ita kuma tana zaune ƙafa tsirara, yatsun sun yi fari don sanyi. Na ɗauka, na tsuguna, na sa mata. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ta hagun a juye take." Shi ke nan muka shirya.

Akwai wuri ɗaya a fim ɗin da ta hana ni nunawa tun farko. Ta ce a ajiye shi sai ta ce. Ranar wata Alhamis, bayan ta dawo daga wankin ƙoda a gajiye har muryarta ba ta fita sosai, ta ce yau ne.

Ɗan Mai Gashi ƙarami ne ya rasu, uban yana wani gari wajen kiɗa. Ya dawo cikin ruwan sama, ya hau bene, ya tsaya a ƙofar matarsa. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Hannun ya tsaya a sama. Sai ya sauko, ya zauna a fiyano da jiƙaƙƙiyar riga, ya fara wani kiɗa a hankali, da yatsa ɗaya-ɗaya. A sama Baiwar Allah ta ji, ta tashi ta rufe taga.

Hannun Mama ya tsaya a kan ƙafar Kaka. "Ummi," in ji ta, muryarta wata iri, "ki ce wa babanki wannan ba mutum ba ne. Ɗansa ya mutu, shi kiɗa yake yi."

Baba ya ce, "Ummi, ki ce wa mamanki kuka yake yi. Ba ta ji ba ne?"

Na buɗe baki zan maimaita, sai Kaka ta riƙe hannuna.

"Takwara, tashi ki sauka baƙala ki sayo mini kanwa."

"Kaka, ba su da kanwa."

"Ki tambaya da kyau. Ki sa ya duba ko'ina."

Na sa hijabi na sauka. Mai shago bai taɓa jin kanwa ba. Ya nuna mini gishiri, ya nuna mini hodar yin burodi, ya kira ɗan'uwansa a waya. Na tsaya wajen firij ina karanta sunayen madara ɗaya bayan ɗaya har na gaji. Da na dawo ta matakala na hau, don kada lifta ta yi ƙara. Tun daga nesa na ji muryoyi. Anti Nas ta leƙo daga ƙofarta, ta gan ni, ta sa yatsa a baki, ta koma.

"A ƙasa kake! A ƙasa, ni ina sama, bene biyu tsakaninmu! Ko fuskarsa ba ka gaya mini ba. Ni na ɗauke shi wata tara, ban san kamanninsa ba!"

Sannan muryar Baba, wadda ban taɓa jin ta haka ba.

"Kamanninki ne. Hancinki, goshinki, komai. Na sa shi a ƙasa da hannuna, na dawo har bakin lifta. Na san in na ga fuskarki zan faɗi a gaban mutane. Sai na gudu."

"Sai ka bar ni ni kaɗai in faɗi!"

"Na bar ki. Na sani."

Na lallaɓa ta bayansu, ba wanda ya gan ni. Kaka ba ta falo. Ta ja jiki ita kaɗai, da waɗannan ƙafafun, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, don bai kamata suruka ta ji irin wannan ba. Na same ta a bakin gado tana haki, carbi a hannu.

"Ina kanwar?"

"Babu."

"Ai na sani. Zauna."

"Kaka, faɗa suke yi."

"Wata nawa ina roƙon Allah faɗan nan. Kin ji an ce Ummi ki ce masa?"

Na saurara. Ban ji ba.

Ba zan ce washegari komai ya gyaru ba. Idon Mama ya kwana biyu a kumbure. Amma da safe na ji ta ce, "Shayinka zai huce," kuma ba da ni take ba. Daga baya suka shiga faɗa a kan ƙananan abubuwa, wa ya bar fitila a kunne, wa ya ce a sayo wannan shinkafar mai ƙamshin sabulu. Duk lokacin da murya ta tashi a kicin sai Kaka ta gyara kwanciya kamar wadda aka kunna wa rediyo.

Ba mu ƙara zaman Magariba ba. Akwatin ya daina zafi. Na tambaye ta ko za mu ƙarasa fim ɗin mu biyu, ta ce in gaya mata ƙarshensa da baki. Na ce Baiwar Allah ta koma garinsu, shi kuma ya yi suna har sarakuna suna miƙe masa tsaye, ya tsufa a ɗakin haya, ya mutu da mai aiki kawai a kansa.

"Ba tsohuwa ko ɗaya a garin nasu?"

"Ban ga an nuna ba."

"Shi ya sa. Khalas, kashe shi. Amma yaron ya iya kiɗa, kar a ci haƙƙinsa. Wannan na ranar ruwan saman, ko ni sai da ya taɓa ni."

Bayan haka jikinta ya yi ta sauka. Wankin ya daina karɓarta. Hannayenta suka cika da tabon allura har ba inda za a soka, abinci ya ƙi zama, ko goro ta daina tambaya. Watannin ƙarshe sun yi mata tsanani ƙwarai, ba na so in rubuta su. Ranar da aka kwantar da ita na ƙarshe lifta ta lalace, Baba ne ya ɗauke ta a hannu ya sauka da ita, ita ta rufe fuska da mayafi, shi yana kallon matakala. A asibiti, ana gobe za ta rasu, yana tsaye a bakin ƙofa, ta ce da ni, "Takwara, ki ce masa na gode. Ki ce wa waccan ma ta yi haƙuri da ni, ban iya nunawa ba ne." Ban samu na maimaita ba. Mama ta riga ta kifa kai a kan gadon, Baba kuma ya tsuguna ya ce, "Mun ji, Hajiya."

Da Anti Nas ta fito ta gaya mana an gama, abin da na fara ji a ƙirjina sauƙi ne, kamar an sauke mini jakar makaranta. Kukan daga baya ya zo. Na ga irin wannan sauƙin a fuskar Mama ma, da ta shafa hannun Kaka ta ce ba sauran mai soka shi.

A nan Doha aka binne ta. 'Ya'yanta maza suna can gida Zariya, don haka Baba ne ya shiga kabarin ya karɓe ta. Ya dawo da farar ƙasa a gwiwar wandonsa, ya ratsa ta cikin mata ya shiga kicin inda Mama take. Ni ina bakin ƙofa da takalman wata a hannu.

"Ashe ƙarama ce haka," in ji shi. "Ban taɓa sanin tsawonta ba sai yau."

"Ka gyara mata kwanciya?"

"Da hannuna. Kuma ba nisa da yaron. Daga wajenta ana hango shi."

Wayar Mama ta yi ƙara a kan firij. Kawu ne, yana tambayar yaushe za a tarye mu, ya ce an share mana ɗaki, an yi maganar makaranta. Mama ta goge ido da bakin mayafi.

"Sai hutun zafi, in Allah ya kai mu. Mu uku za mu zo. A bar maganar makarantar, tana da tata a nan."

Ta ajiye wayar, ta ɗauko faranti, ta zuba masa abinci. "Zauna ka ci. A zaune. Ran Juma'a kuma ka kai ni maƙabartar, ko daga bakin ƙofa ne in tsaya."

"Zan kai ki."

Wannan ita ce matar da aka ce ta ƙare kwanakinta a kallon kiɗan Turawa. Allah Ya gafarta mata, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Yadda ta shiga tsakanin bayinSa da alheri, Allah Ya sa rahamarSa ta shiga tsakaninta da duk abin tsoro. Amin.